Ladan lebura da ruɓar albasa

Wasu ’yan ajinmu suna cewa wai matse ladan ma’aikaci shi ke ƙara riba, har da lissafi a allo. Ni kam ban yarda ba. Lissafin nasu ya ƙirga albashi, ya manta da ruɓa. Ku je Galmi lokacin cirar albasa ku gani. Leburan da aka yi wa biyan wulaƙanci ba zai tsaya tsince mai rauni daga lafiyayya ba. Jibga ta zai yi cikin rudu ya kama gabansa. To, ruɓaɓɓiya guda tana kama na kusa da ita. Kafin damina, sanda farashi ke tashi kuma motocin Abijan ke jiran lodi, mai gida yana can yana kwasar wari yana zubarwa.