Tambayar Majalisa: Nazari kan Al'adar Musu a Ƙasar Gaya

Majalisa ita ce wurin da maza, galibi sa'annin juna, suka saba haɗuwa bayan an tashi daga aiki: dakalin ƙofar gida, inuwar darbejiya, bencin mai shayi, ko tabarmar da ake shimfiɗawa a gefen masallaci tsakanin magariba da lisha. A garin Gaya da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Kademi da Shagogo, har zuwa Ajingi da Toranke da Balare, da wuya a sami unguwar da ba ta da tata. Yawancin hirar ta yau da gobe ce: farashin taki, yadda kasuwar shanu ta Wudil ta ci ranar Juma'a, wanda ya rasu, wanda zai aurar, sai siyasa. Amma a cikin wannan hira akwai wani nau'in magana wanda ba labari ba ne, ba kuma gulma ba: tambayar da mutum yakan jefo ba don wata buƙata ba, sai don abin ya tsaya masa a rai. Yakan fara da "Wai ni kam jama'a..." ko "Don Allah ku raba mu gardama." Daga nan sai musu ya kaure. An fi jin irin wannan da rani, bayan an kai amfanin gona gida, domin da damina wanda ya wuni a duƙe ba ya da ƙarfin jayayya kan ko kaza ce ta riga ƙwai.

Tun ana yara ake koyon abin, ta hanyar kacici-kacici. "Baba na ɗaka, gemu na waje," a ce wuta da hayaƙi. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," a ce tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya raina garin ya nemi wanda ya fi shi, sannan ya faɗi amsa. Amsar kacici-kacici ɗaya ce, kuma hadda ake yi, shi ya sa manya suke barin sa ga yara. Abin da yaro yake tashi da shi daga wannan wasa shi ne sanin cewa ana iya yin tambaya don daɗin tambayar kawai, kuma kasa amsawa ba abin faɗa ba ne.

Tambayoyin manya da suka fi armashi su ne waɗanda ba su da amsa. Masu tattara adabin baka sun daɗe da lura da su. Akwai irinsu a cikin tatsuniyoyin da aka rubuta a ƙasar Hausa tun farkon ƙarni na 20, kuma a 1975 William Bascom ya fitar da littafi sukutum kan irin waɗannan labarai daga sassan Afirka. Siffarsu ɗaya ce: gajeren labari da ake tsayar da shi a tsakiya, a miƙa wa masu sauraro hukunci. Samari uku suna neman yarinya ɗaya. Na farko yana da madubin da ke nuna abin da ke nesa, shi ya ga ta kwanta ciwon ajali. Na biyu yana da dardumar da ta kai su garinsu kafin ƙiftawar ido. Na uku yana da maganin da aka ba ta ta tashi. Wa za a bai wa? Masu goyon mai madubi sukan ce ba don shi ba da ba a ma sani ba. Masu goyon mai darduma su ce sani ba ya kai mutum ko'ina. Hujjar da ta fi nauyi takan zo a ƙarshe, daga bakin wanda ya yi shiru tun farko: mai madubi yana nan da madubinsa, mai darduma da dardumarsa, mai magani ne kaɗai ya rasa abinsa. Da wannan magana musun ya tashi daga wa ya zama sanadi, ya koma wa ya yi asara, kuma ba a ankara ba an shiga batun da malaman fiƙihu da alƙalai suke fama da shi.

Wadda ta fi kowace tayar da jijiyar wuya ita ce ta kwalekwale. Mutum yana haye kogi da mahaifiyarsa da matarsa, jirgi ya kife, mutum ɗaya zai iya fitarwa. Amsar farko kullum a shirye take: uwa ɗaya ce, mata kuwa ana sake wata. Sai mai tambaya ya ƙara sharaɗi: to idan matar tana da juna biyu fa? Rai biyu ke nan. Idan uwar ce da bakinta ta ce a ceci matar, bin umarninta ne biyayya ko saɓa mata? Gwanin irin wannan tambaya ana gane shi ne ta iya ƙara sharaɗi ɗaya bayan ɗaya har sai wanda ya amsa da gadara ya fara inda-inda. Wani dattijo yakan rufe da "Allah kada ya nuna mana wannan rana," a amsa da amin, a koma wata hira.

A nan ne amfanin al'adar ya fi fitowa. A gidan da uwar miji da matar ɗa suke zaune a tsakar gida ɗaya, rabon haƙƙi tsakaninsu matsala ce ta kullum, amma kunya ba ta barin magidanci ya kawo zancen gidansa majalisa. Mutumin kwalekwale ba shi da suna, ba ɗan unguwar kowa ba ne, saboda haka kowa yana iya faɗin ra'ayinsa a kansa ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. Masu sauraro kuma ba yara ba ne. Sun san wanda ya ɗaga murya fiye da kima wajen kare matar, akwai abin da ke cin sa.

Wani reshen ya fito ne daga tsangaya da makarantun zaure. Gardawa suna gwada juna da tambayoyi irin su: wace sura ce ba ta da bisimilla a farkonta, wace ce kuma take da biyu? Amsa Tauba da Namli. Wace sura ce babu ayar da sunan Allah bai fito a cikinta ba? Mujadala. Daga ɗaliban ilimin gado kuma ake jin labarin raƙuma 17 da aka ce a raba wa mutum uku, ɗaya rabi, ɗaya sulusi, ɗaya kashi ɗaya cikin tara, ba tare da an yanka ko ɗaya ba. Mai hikima ya ara musu raƙuminsa suka zama 18, ya ba da 9 da 6 da 2, ya ja nasa ya tafi. Ana yawan jingina labarin ga Sayyadi Ali, kuma a majalisa akan tsaya ne a mamaki. Ba kasafai ake samun wanda zai bayyana cewa kason ukun, in aka haɗa su, kashi 17 ne cikin 18, don haka dole raƙumi ɗaya ya rage ba. Haka ma tambayar kura da akuya da damin dawa da za a haye da su kogi ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ta gida ce, alhali an rubuta irinta a Turai fiye da shekara dubu da suka wuce, da kyarkeci da akuya da kabeji.

Tambayoyin da suka shafi halitta su ne suka fi kusa da rayuwar manomi. Me ya sa ruwan randa yake sanyi ko da ana zafin bazara? Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Na farko saboda jikin randa yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, busarwar ta janye zafi. Na biyu saboda haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa yana ɗaukar kimanin daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya. Amma wadda ba ta tsufa ita ce ta gawo. Kowace bishiya tana yin ganye da damina, shi kuwa sai ya kakkaɓe nasa, ya tsaya tsirara har ruwa ya ɗauke, sannan ya yi kore shar lokacin da kuka ta zama ƙirare. Shi ya sa ake yi masa kirari da wanda ya ƙi ruwan Allah. Manoman Ajingi da Gaya sun san abin da ke biyo bayan wannan hali tun kafin malaman gona su zo: geron da ke gindin gawo ya fi na fili kyau, domin ba inuwar da za ta danne shi, ga ganyen da ya zuba, ga kashin dabbobin da suka sha inuwa suka ci 'ya'yansa da rani. Masana sun ƙara da cewa saiwarsa tana nitsawa har ta tarar da ruwan ƙasa, kuma yana cikin dangin wake da gyaɗa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. A irin wannan musu manomi yakan fi ɗan boko hujja, domin shi ya gani da idonsa, ɗan boko kuwa sau da yawa sunan Turanci kawai ya riƙe.

Abin yakan juye idan aka daga kai sama. Zuwan mutum duniyar wata a 1969 har yau akwai dattawan da ba su yarda da shi ba. Juyawar duniya ma an sha musu a kanta, kuma abin da ya raunana masu ƙi ba littafin makaranta ba ne, talabijin ne: ana kallon sallar magariba kai tsaye daga Makka alhali a Gaya ba a daɗe da yin la'asar ba, domin agogon Makka yana gaba da na Nijeriya da awa biyu. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya sa gari ya yi duhu da hantsi a wajajen Gusau da Katsina da Maradi, ya bar wata tambayar da aka daɗe ana juyawa: ta yaya aka san rana da sa'a tun kafin abin ya faru, in ba sanin gaibu ba? Amsar malamai ita ce lissafi ne, irin wanda ake fitar da lokutan salla da shi.

Akwai kuma musun da yake na Gaya ne ita kaɗai: tsakanin Gaya da Kano wa ya girmi wani? Bagayi yana da hujjojinsa. Ruwayar baka ta ce maƙera ne daga Gaya suka je dutsen Dala neman tama suka zauna, kuma zuriyarsu ce ake kira Abagayawa a birni. Labarin Bayajida ya ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Tarihin sarakunan Kano kuma ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15. Wannan hira ta daɗe tana matsayin raha tsakanin Bagayi da Bakano, har zuwa 2019 da gwamnatin jiha ta ƙirƙiro masarautar Gaya tare da na Rano da Ƙaraye da Bichi. A 2024 aka rushe su, daga baya aka maido da Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. A tsakanin waɗannan shekaru tambayar ta daina zama ta nishaɗi, domin duk amsar da mutum ya bayar ana fassara ta da jam'iyyarsa.

Majalisa tana da iyakar da ba ta tsallakewa. Ana iya tambayar ko mafarki gaskiya ne, ko dabbobi sun san za su mutu, ko arziki ƙoƙari ne ko rabo. Amma da zarar wani matashi ya ce, "To in an riga an rubuta, mene ne laifin mai laifi?" sai a ji wani ya ce, "Kai yaro, bar nan, wannan sai malamai." Washegari bayan karatun Ahalari ko Iziyya sai a gabatar: "Allah gafarta malam, jiya mun yi musu." Malam ne alƙali na farko, kuma a kan addini hukuncinsa yakan kashe magana, sai dai in majalisar ta haɗa ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, kowa da nasa malamin. Alƙali na biyu rediyo ne. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya shekara da shekaru yana raba irin wannan gardama a shirin Amsoshin Takardunku, kuma "a rediyo na ji" hujja ce mai ƙarfi. Yanzu wayar hannu ta karɓi wannan aiki. Musun da a da yakan kwana bakwai, kamar nisan Makka ko shekarar da aka yi wani juyin mulki, yanzu yaro yakan kashe shi cikin minti ɗaya. Tambayoyin da ke da amsa sun rage daraja ke nan. Ta kwalekwale kuwa ba abin da waya ta iya yi mata.

Raunin al'adar a fili yake. Ba ta da hanyar gwada magana, sai ta auna mai maganar. Shekaru da furfura da zuwa Makka da yawon ci-rani a Legas duk suna ƙara wa hujja nauyi, yaro kuma ko ya fi kowa gaskiya sai ya sakaya ta da "Baba, ba wai na fi ku sani ba ne." Idan batun gawo ne ko raƙuma, wannan ba ya cutar da kowa. Amma a 2003, lokacin da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna har zuwa tsakiyar 2004, tambayar da ta zagaye majalisu irin wannan siffa gare ta: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya ba ta gindin zama. Sai dai amsar da ta fi yaɗuwa, cewa allurar tana hana haihuwa, ba ta da tushe, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shiga, wato mutanen da majalisa take jin maganarsu, sannan aka shawo kan lamarin.

Mata ba sa zama a majalisa, amma tambayoyin ba su tsaya a ƙofar gida ba. Ana yin su a tsakar gida wajen sussuka da kitso, a gidan biki, da kuma makarantun Islamiyya na matan aure, inda ake rubuta tambaya a takarda ba suna a miƙa wa malama. Tatsuniyoyin da ke ƙarewa da "wa ya fi?" ma galibi daga bakin kakanni mata yara suka fara jin su. Idan aka kawo ta kwalekwale a cikin mata, sau da yawa sukan juya ta: mace ce a jirgin, da mijinta da ɗanta.