Gwaggwaro a Bukukuwan Ƙasar Taloka: Aro ko Gado?

Ɗaurin kan da Yarabawa ke kira gele, mu kuma muke ce masa gwaggwaro, ya samu gindin zama a bukukuwan aure daga Wurno da Raba har Goronyo da Taloka. Wasu dattawa na ganinsa baƙon abu da ya zo ya ture kallabin iyayenmu. A ganina wannan hukunci na bukatar gyara.

A wurin Yarabawa, gele cikon kaya ne, tare da zane da riga buba da abin saɓawa a kafaɗa. Mafi daraja shi ne na ashoke, wanda ake saƙawa ƙwarya-ƙwarya sannan a ɗinke, kuma Iseyin da Ilori sun yi suna wajen saƙa shi. Manyan nau'o'insa uku ne: etu, da sanyan, da alaari. Etu baƙin shuni ne mai zanen zabo, ɗan'uwan saƙinmu. Sanyan da zaren tsamiya ake yin sa. Alaari kuwa ja ne, kuma masana na danganta sunansa da alharini, zaren da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa Kano kafin ya gangara kudu. Sannan tun wajejen 1823 Ilori ta shiga Daular Usmaniyya ƙarƙashin Gwandu. Ke nan kayan ɗaurin sun daɗe suna kai da kawowa tsakaninmu.

Ta fuskar fasaha, abin yabo a gele shi ne hannu. Ƙyalle ne shimfiɗaɗɗe, ba allura ba zare, amma gwana za ta naɗe shi, ta jera masa ninki, ta tayar da shi daidai da fuskar mai ɗaurawa. Da an kwance, aikin ya tafi, gobe sai a sake sabo. A nan ne ɗinkakken gwaggwaro na kanti, wanda ake kifawa kamar hula, ya gaza: ya kawo sauƙi, amma ya mayar da kawunan mata iri ɗaya.

Inda nake tare da dattawa shi ne batun anko. Idan aka ɗora wa ƙawayen amarya ashoke mai tsada da kuɗin mai ɗauri, 'yar manomi sai ta ci bashi ko ta ƙaurace wa bikin. Haka kuma 'yan mata da yawa sun iya sunayen ɗaurin zamani, amma ba su san yadda ake ture-ka-ga-tsiya ba.

Don haka ina kira ga malaman makaranta su sa ɗalibai su tambayi tsofaffin mata sunayen ɗaurin kallabi na da, da yadda ake yin su, a rubuta a adana. Wanda ya riƙe nasa, aro ba ya cutar da shi.