Jinjina ga Masu Wayarin Mota na Tamale

Tsohuwar Hilux mai dakon doya daga Salaga zuwa kasuwar Aboabo ba ta zo da ƙarin fitilu ko wurin cajin salula ba. Masu wayarin Tamale ke sa mata su, kuma gwani a cikinsu ya cancanci yabo. Sabon layi yake ja tun daga batir, ya ɗaura fis dab da shi, ja mai lamba 10 ko shuɗi mai 15, gwargwadon kaurin wayar. Direba kan ce an tsawwala kuɗi, ai silin waya ma yana aikin fis. Wuta kam zai ba da, amma ba zai tsinke ba idan layi ya haɗu, sai roba ta narke, gobara ta tashi ƙarƙashin sitiyari, mota maƙil da kaya a tsakiyar daji.