Taswirar da Ba Ta San Bakolori Ba

Duk matashin da ya kammala sakandare a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, tambaya guda ce ke jiran sa a ƙofar gida: wace sana'a zai kama? A da, uba da kawu da malamin makaranta ne ke taya shi neman amsa. Yau wayar hannu ta shiga sahu, ɗauke da shafukan intanet masu alkawarin nuna wa mutum aikin da ya dace da shi. Ya kamata a auna waɗannan shafuka da mudun yankinmu, domin masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Mafi farin jini a cikinsu su ne masu gwada ɗabi'a. Da yawansu sun ginu ne a kan ra'in Ba'amurke John Holland, wanda ya fara bayyanawa a 1959. Ya kasa mutane gida shida: masu son aikin hannu, da masu bincike, da masu fasaha, da masu hidimar jama'a, da masu jagoranci da ciniki, da masu tsara takardu da lissafi. Shafin O*NET na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka yana yi wa mutum tambayoyi 60 a kan wannan tsari, sannan ya zaɓo masa daga cikin sana'o'i sama da 900. Tambayoyin ba su da laifi, har sukan sa yaro ya tsaya ya yi nazarin kansa, abin da makarantunmu ba su cika koyarwa ba. Matsalar tana cikin amsar. Albashin da ake nunawa da dala ne, takardun da ake buƙata na kwalejojin Amurka ne, kasuwar aikin ma tasu ce. Shafin ya san abin da yaron yake so, amma bai san inda yake tsaye ba.

To, ina yake tsaye? Yana tsaye ne a gefen madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato domin shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasar waɗannan ƙananan hukumomi uku. Mafi yawan filin an tsara shayar da shi ne da na'urorin yayyafi, waɗanda suka daɗe da tsayawa, kuma rashin kulawa da gyara na cikin dalilan. Wannan kaɗai darasi ne a kan zaɓen sana'a. Ƙasar noman rani tana buƙatar mai gyaran injin ban-ruwa, da mai haɗa famfon sola, da malamin gona, da malamin dabbobi, da mai sarrafa injin casar shinkafa, da wanda zai riƙe wa ƙungiyar manoma lissafi. Babu ɗaya daga cikin shafukan nan da zai gaya wa ɗan Bakura nawa mai gyaran inji ke samu a kaka guda, ko wurin wa zai koyi aikin. Sai yaro ya rufe waya da tunanin cewa duk aikin kirki yana wani gari.

Shafukan tallar guraben aiki irin su Jobberman da LinkedIn suna ƙara ƙarfafa wannan tunani, domin guraben da ke cikinsu sun fi karkata ga Legas da Abuja. Shirin N-Power na 2016 kuwa ya koya wa tsaranmu cike fom da jiran alawus ɗin naira 30,000, har wasu suka ɗauka cike fom shi ne neman sana'a.

Adalci ne a yaba wa kundin hukumar JAMB da ke intanet. Ba ya duba, ba ya alkawari; yana faɗin darussan da kowane kwas ke buƙata da makarantun da ke koyar da shi. Ɗalibin da ya karanta shi da kansa ya tsira daga hannun mai shagon kwamfuta, wanda sau da yawa shi ke zaɓar wa yaro makoma saboda layi ya yi tsawo.

Sai batun isa gare su. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu sadarwa. Ko da layi ya dawo, kusan dukkan shafukan da Turanci suke, Turancin ma na masu ofis. Sun kuma ɗauka cewa mutum shi kaɗai ke yanke wa kansa shawara, alhali a nan yarinyar da gwaji ya nuna mata aikin jinya sai ta shawo kan iyaye, ta kuma duba ko hanyar makarantar tana biyuwa lafiya.

Abin mamaki shi ne masu iya zana taswirar da ta ɓace suna cikin yankin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duk a Talata Mafara suke, ga kuma Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Kowace shekara ɗalibansu na rubuta kundin kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. Da za a tura aji guda kasuwar Talata da gonakin Bakolori su tattaro sana'o'in da ke akwai, da tsawon lokacin koyonsu, da jarin farawa, su naɗi bayanin da Hausa cikin murya yadda zai bi WhatsApp, da ɗan Maradun ya sami abin da zai ɗora sakamakon gwajin Holland a kansa.