Masu Gyara Wa Iyafis Murya

Duk filin da gwanin gyaran sautin iyafis yake aiki a cikinsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Daga ɗan lasifikan da ke cikin kwanso zuwa dodon kunne, tazarar santimita biyu ce ko uku, kuma a cikin 'yar iskar da ke tsakaninsu ake yanke yadda kiɗa zai fito, ko ganga ta cika kunne ko ta bushe, ko murya ta yi taushi ko ta riƙa sukar mai saurare. Kayan aikin ma ba su da wani kwarjini: filastar asibiti, guntun soso, allura, hantsaki, da tarin robobin nan da ake sa wa a bakin iyafis. Amma mutumin da ya san hannunsa zai ɗauki iyafis na dala ashirin ya zauna da shi yamma guda, ya miƙo maka, ka rantse an sauya maka wani.

Iri biyu ne na lasifika suka mamaye wannan duniya. Na farko ƙanen sifikar rediyo ne, maganaɗisu da naɗin siririyar waya da tantani mai kaɗawa, faɗinsa kamar milimita goma. Shi ne ya iya kaurin sauti, wato bes, domin yana tura iska da yawa. Na biyu ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, wanda aka fara yi saboda na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Kamfanin Knowles na Amurka da Sonion na Denmak su ne suka yi suna wajen ƙera shi. A 1991 kamfanin Etymotic ya sa irin wannan a cikin iyafis ɗinsa ER-4 don masu sauraron kiɗa. A 1995 kuma wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya haɗa guda biyu a kwanso ɗaya saboda Alex Van Halen, makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen, wanda hayaniyar dandamali ta hana shi jin abokan kiɗansa. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Abin ya daɗe yana hannun mawaƙa da masu kuɗi, sai da masana'antun ƙasar Sin, na Shenzhen da Dongguan da Chengdu, suka shigo kasuwar sannan farashi ya faɗo har talaka ya samu abin yi wa tiyata ba tare da gabansa na faɗuwa ba.

Kafin gyara akwai kwatantawa, kuma a nan ne ake gane gwani, domin abu na farko da ya koya shi ne kada ya amince da kunnensa haka kawai. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti da sirantarsa sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Ma'ana, in ka sa iyafis biyu a waya ɗaya, wanda ya ɗan fi ƙara shi zai fi maka daɗi, ko da kuwa shi ne na baya a inganci. Bambancin desibel ɗaya ya isa ya ruɗi mutum. Saboda haka gwani yakan fara da daidaita ƙarar su biyun da wani sauti guda mara sauyawa, galibi mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, kafin ya kunna kiɗa. Sannan ba ya jin waƙa sukutum. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙu, don haka yakan yanki daƙiƙa goma ko goma sha biyar, ya ji da wannan, ya cire, ya ji da wancan, ya sake dawowa. Mai tsanani ma yakan sa wani ya riƙa sauya masa ba tare da ya ga wanne ne a kunnensa ba, saboda ido in ya ga kwali mai ƙyalli da farashi mai nauyi yakan yi wa kunne raɗa.

Abin da ake gwaji da shi dole ya zama sautin da mutum ya sani kamar yunwar cikinsa. Bahaushe ba ya buƙatar aron kiɗan wasu don wannan. Kalangu yana nuna ko iyafis na iya bin sauti mai hawa da sauka ba tare da ya dagule ba. Goge yana tona asirin mai kaifi, don in akwai tsini a sama nan take zai fara zagar kunne. Ƙira'ar makaranci mai kyakkyawan tajwidi kuwa ta fi komai fallasa matsalar da ta fi damun masu wannan harka, wato yadda haruffa irin su sinun da shinun da sadi ke fitowa da huci mai yanka in iyafis ya cika zafi a wajen kaɗawa 6,000 zuwa 8,000. Sai dai a kula da ɗaukar. Tsofaffin kaset-kaset na Shata da aka juya sau ba adadi kafin su shiga waya, daɗinsu daban, amma ba za su gaya maka gaskiyar iyafis ba.

Kunne kaɗai bai isa ba, shi ya sa suka haɗa da awo. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe mai makirufo a ƙarshensa da aka ƙera ya kwaikwayi ramin kunnen mutum, wanda suke kira 711 saboda lambar ƙa'idar da aka fara tsara shi a kai. Ana cusa iyafis a ciki, kwamfuta ta aika sauti daga kaɗawa 20 har zuwa 20,000 a daƙiƙa, iyakar abin da lafiyayyen kunnen yaro ke ji, sai wani layi mai tudu da kwari ya fito a allo. Wani ɗan Singafo da aka fi sani da Crinacle ya auna ɗaruruwan iyafis ta wannan hanya, har kamfanoni irin su Moondrop da Truthear suka riƙa neman ya sa musu hannu a gyaran sautin kayansu.

Baƙon abin shi ne, miƙaƙƙen layi ba shi ake nema ba. Ramin kunne da faifansa suna ƙara wa sautin da ke wajen kaɗawa 3,000 ƙarfi da fiye da desibel goma, kuma ƙwaƙwalwa ta saba da hakan tun haihuwa. Da zarar ka toshe ramin da iyafis ka kashe wannan ƙarin, dole iyafis ɗin ya mayar da shi, in ba haka ba murya ta fito kamar daga bayan ƙyaure. In kuma ya wuce gona da iri, mawaƙi ya koma mai yi maka tsawa. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi ta gwada mutane ba tare da sun san abin da ke kunnensu ba, suka fitar da layin da akasarin masu saurare suka fi so, na iyafis a 2017, suka sake gyara shi a 2019. Gwanaye suna amfani da shi a matsayin ma'auni, suna kuma musu da shi, don da yawansu na ganin ya ɗan cika zafi a saman murya. A ganina wannan musun lafiya ne. Matsakaicin ra'ayin jama'a ba kunnen kowa ba ne, kuma sama da kaɗawa 8,000 bututun awon kansa ba abin dogaro ba ne sosai.

Gyara yakan fara ne daga roba, abin da yawancinmu ke ɗauka ado ne. In robar ba ta rufe ramin kunne ruf ba, iska za ta riƙa zurarewa, kuma bes ne ke fara bin ta. Mutane da yawa da ke kukan iyafis ɗinsu ba shi da nauyi, robar ce ta yi musu ƙanƙanta, wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. Roba mai faɗin baki tana barin siririn sauti ya wuce, mai matsattsen baki tana rage shi. Ta soso, irin ta Comply, ana murza ta da yatsa ta ƙanƙance, a cusa, a riƙe ta har ta kumbura ta cika ramin. Tana toshe hayaniyar waje sosai, tana kuma ɗan lashe kaifi. Zurfin cusawa ma na da nasa aikin. Iskar da aka kulle tsakanin iyafis da dodon kunne tana da wurin da take amsa kuwwa, kuma gwargwadon zurfin da aka tura, gwargwadon yadda wannan tsinin zai matsa sama inda ba ya damun kunne. Dalilin da ya sa Etymotic ke yin robarsa mai hawa uku ke nan, wadda ke shiga can ciki har sabon shiga ya tsorata.

In roba ba ta gama aikin ba, sai a koma kan bututun da sauti ke fitowa. Ga yadda ake yi. Gwani zai cire robar, ya yanki filastar takarda ta asibiti, irin Micropore mai barin iska ta ratsa, daidai faɗin bakin bututun, ya ɗora da hantsaki, ya mayar da roba, ya ji. In kaifin ya sauka amma murya ta dushe, sai ya ɗauki allura ya yi huda ɗaya a tsakiya, ya sake ji. Gefe ɗaya yake fara yi, ya bar ɗayan yadda yake don ya samu abin kwatance, kuma ba ya taɓa sauya abu biyu a lokaci guda, don in sauti ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba. Aikin ya yi kama da na makaɗin da ke liƙa ɗan nake a tsakiyar fatar ganga, yana bugawa yana ƙari yana ragi har muryar ta zauna. Masu aiki da ƙananan lasifikan ƙarfe kuwa suna da matatun Knowles da aka bambanta da launi bisa yadda suke tare iska: fari 680, ruwan ƙasa 1,000, kore 1,500, ja 2,200. Sauya kore da ja kawai ya isa ya kwantar da tsinin da ke hana mutum sauraro na awa guda.

Akwai kuma 'yar hudar iska da ake bari a jikin kwanso kusa da bututu. Toshe ta yana ƙara bes nan take, abin da ke burge sabon shiga, amma sai iska ta matsu a kunne, tantanin ya riƙa yin ƙwas-ƙwas duk lokacin da aka cusa. Shi ya sa gwani ba ya liƙe ta da salatif, filasta mai numfashi yake sawa.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Kamfanin JVC na Japan ya fitar da wani iyafis na ƙarfe mai suna HA-FD01, lasifikansa na da kyau amma saman muryarsa na da zafi. Masu sha'awa suka gano cewa in aka busar da 'yar audugar nan da ake goge fata da ita kafin allura, aka yanka aka naɗa a cikin bututun, zafin na kwantawa. Dabarar ta bazu, har a 2019 kamfanin Drop na Amurka ya haɗa kai da JVC suka fitar da HA-FDX1, wanda ya zo da bututu uku masu matatu daban-daban tun daga masana'anta.

Igiya ce inda aka fi wanke mutane. Ana sayar da ta azurfa da ta zinariya da tsadar da ta fi ta iyafis ɗin kansa, alhali in an auna, bambancin da take kawowa a mai lasifika ɗaya ba ya taka kara ya karya. Inda lantarki ke da tasiri na gaske shi ne turjiyar da ke kan hanya: tsohon ER-4P yana komawa sautin ER-4S in an ƙara masa 'yar mahaɗa mai turjiyar om 75. Manhajojin daidaita sauti irin su Wavelet ma suna gyara layi kyauta a wayar Android, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da su, sai dai ba za su toshe iskar da ke zurarewa ta gefen roba ba.

Akwai wani reshe na wannan sana'a da ya fi ba ni sha'awa, na masu faffaɗan iyafis irin na da, wanda ke zama a bakin kunne ba ya shiga ciki. Kwanson wani tsohon samfurin Sennheiser, MX500, ya zama gidan kowa. Ana sayen kwanson fanko da lasifika mai faɗin milimita 15.4, a liƙa igiya da dalma, a manna wani soso mai siffar kofaton doki a kan hudojin baya don daidaita bes. VE Monk da aka riƙa sayarwa dala biyar a wannan kwanson yake. A Indonesiya da Filifin akwai masu haɗa irinsa a ɗakunansu suna sayarwa har ƙasashen waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano yana liƙa ƙafar caji da dalma ya san hannun ba shi ne zai gagare mu ba. Horon kunnen ne da haƙurin kwatance ke ɗaukar lokaci.

A ƙasarmu mai ƙura, gyaran da ya fi yawan amfani shi ne mafi arha. Iyafis da gefensa ɗaya ya rage ƙara, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, dauɗar kunne ce ta haɗu da ƙurar hunturu ta liƙe 'yar ragar bakin bututu. Ana juya bakin ƙasa a goge da busasshen buroshi mai laushi, ko a ɗage ragar da allura a manna sabuwa. Kayan aikin da ba shi da sauyi shi ne kunnen. Ƙwayoyin gashin da ke can ciki in sun mutu ba sa tsirowa, kuma masu jin siririn sauti ne kan fara tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: a 89 saura awa biyar. Shi ya sa za ka ga gwanayen suna gwaji da ƙara matsakaiciya, suna hutar da kunne tsakanin zama da zama, kuma in za su shiga hayaniyar titi sukan fara neman robar da ta rufe kunne sosai kafin su taɓa maɓallin ƙara.