Bayan An Dasa Sabon Inji: Al'adar Gyaran Tsohuwar Mini a Ingila

A Ingila akwai masu sha'awar mota da ba su da abin so kamar tsohuwar Mini, 'yar ƙaramar motar nan da Alec Issigonis ya zana wa kamfanin BMC, ta fito kasuwa a 1959, lokacin da ƙarancin man da rikicin Suwez na 1956 ya jawo bai gushe daga zukatan mutane ba. Tsawonta bai fi ƙafa 10 da 'yan kai ba, injinta na farko kuwa ƙarfin doki 34 kawai gare shi. An daina ƙera ta a masana'antar Longbridge a shekarar 2000, amma har yau ana tayar da ita a garejin bayan gida, wasu kuma sukan cire injinta su dasa na Honda samfurin B16, mai ƙarfin doki wajen 160.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka da an ɗaure injin an tayar da shi, aiki ya ƙare. A ganina, daga nan ne ake gane gwani.

Dalili yana cikin yadda aka gina motar tun asali. Issigonis ya kwantar da injin a gicciye, ya cusa giya a ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya, ya maƙala lagireto a gefe, duk don fasinja ya sami wurin miƙe ƙafa. Babu tazarar da aka bari a banza. Saboda haka baƙon inji ba ya zama sai an ƙera masa sabon firam, wani lokaci har a ƙara wa gaban motar tsawo. Shi ya sa da yawa suke neman samfurin Clubman na 1969, mai faffaɗan hanci. Sai lagireto ya nemi sabon mazauni, don zafin babban inji ya fi ƙarfin tsohon.

Birki ne ya fi ɗaukar hankalina. Minin farko birkin ganga gare ta gaba da baya, tayoyinta kuma inci 10 ne, ba su da cikin da zai ɗauki babban faifan birki. Kamfanin da kansa sai da ya koma taya mai inci 12 kafin faifai mai inci 8.4 ya shiga. To, wanda ya ninka ƙarfin motar kusan sau biyar dole ya zaɓa: ko ya ƙara girman taya ya rage mata kamanninta, ko ya kashe kuɗi a kan birki na musamman da zai shige cikin ƙaramar taya. Wanda ya bar birkin yadda yake ya ɗora wa kura sirdi ne ba linzami. Ga kuma fizgar sitiyari: idan sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba ba tsawonsu ɗaya ba, da an taka totur sai motar ta ja gefe. Nauyin da ya ƙaru a gaba shi ma yana danne dunƙulen robar da Alex Moulton ya ƙirƙira a madadin safirin, wanda shi ne sirrin yadda Mini ke shan kwana.

Masu kishin asali suna cewa wannan ɓata gado ne. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, domin ƙara wa Mini ƙarfi tsohuwar al'ada ce. John Cooper ya fara ta a 1961, kuma Mini samfurin Cooper S ta lashe tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Sai dai a lura, Cooper bai ƙara ƙarfi ba sai da ya haɗa da faifan birki a gaba. Inda suke da gaskiya shi ne idan aka yanke bodin mota mai lafiya, ba ta komawa yadda take.

Darajar bodin ta fito fili a wajen rajista ma, domin a da hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, takan auna irin waɗannan motoci da maki kafin ta bar su da lambarsu ta asali. A lokacin ana bukatar maki 8. Bodin da ba a taɓa ba yana da 5, giya 2, sitiyari 2, inji kuwa maki 1 tak.