Gado a Hannun Dillali: Sharhi a kan Karatun Kayan Tarihi da Kasuwar Duniya

Jami'o'i da dama a Turai, daga Glasgow zuwa Rotterdam, suna ba da digiri na biyu a fannin kula da ayyukan fasaha da kayan gado a kasuwannin duniya. Manyan gidajen gwanjo biyu, Sotheby's da Christie's, kowannensu ya kafa tasa makarantar. Abin da nake son in yi sharhi a kansa shi ne sunan fannin kansa, domin ya ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Aikin fasaha na zamani yana da mai shi, kuma galibi don a saya aka yi shi. Lokacin da gidan gwanjon Bonhams ya sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, ba a zalunci kowa ba. Haka tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin. A nan kasuwa tana ɗaukaka mai sana'a, kuma koyon dabarunta alheri ne.

Kayan da aka tono daga ƙasa kuwa wani al'amari ne dabam. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu na Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, a 1928, kuma Bernard Fagg ya soma nazarinsu a shekarun 1940. Darajar irin wannan kaya a wajen masani tana cikin ramin da aka same shi: zurfinsa, gawayin da ke kusa da shi, da fasassun tukwanen da ke kewaye. Da waɗannan ake gane shekarunsa da rayuwar mutanen da suka yi shi. Mai tono da dare kai kawai yake nema, sauran sai ya watsar. Abin da ke isa teburin gwanjo kyakkyawar fuska ce da aka raba da labarinta.

A watan Afrilun 2000 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe sabon sashe a gidan tarihi na Louvre, kuma cikin abubuwan da aka baje akwai mutum-mutumin Nok biyu da aka saya daga wani dillali a Beljiyam. A shekarar ce ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Waɗanda suka ƙulla cinikin ƙwararru ne, irin waɗanda wannan karatu ke son yayewa. A 2002 Faransa ta amince cewa kayan na Nijeriya ne, amma suka ci gaba da zama a Paris da sunan aro na shekara 25 da ake iya sabuntawa. Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara, sai ga shi wannan aro ya rufe ta ruf.

Ginshiƙin wannan fanni shi ne binciken tarihin mallaka, wato bin sawun hannuwan da kaya ya ratsa. Kasuwa ta ɗauki yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a matsayin iyaka: abin da ya bar ƙasarsa kafin nan ana yi masa kallon halal. A ganina raunin yana nan. Takardun sukan fara ne daga ranar da kaya ya sauka a Turai, kuma mai tantance su sau da yawa yana aiki ne a gidan da ke jiran la'ada. Ilimi ma kansa yakan tsawwala farashi. Bayan baje kolin kayan kwarin Neja da aka yi a Paris a 1993, wawashe maƙabartun Bura na Jamhuriyar Nijar ya tsananta, domin yabon masana ya zame wa dillalai talla.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, amma sun fita ta kan iyakokinmu. Kuma tun da Jamus ta miƙa mallakar kayan Benin fiye da 1,000 a 2022, muna buƙatar mutanen da suka san inshora, da kwangilar aro, da shari'ar ƙasa da ƙasa, da adana tagulla. Saboda haka ba na cewa ɗalibanmu su guji wannan karatu.

Abin da nake nema shi ne manhajar ta raba abin sayarwa da abin riƙon amana tun daga darasin farko, ta fara tarihin mallaka daga ramin tono, ta kuma koya wa ɗalibi cewa ƙin sa wa kaya farashi yana cikin aikinsa. Jami'o'inmu da ke koyar da ilimin tono kayan tarihi, irin su Zariya da Ibadan, su ne suka fi cancantar rubuta wannan babi, domin su ne maƙwabtan ramin.